Yadda za ka rubuta ra'ayinka kan The Chosen ba tare da ka kwafo labarin ba

Duk wanda aka ba shi asainmen ɗin nan na karanta The Chosen sannan ya rubuta abin da ya ji game da littafin, to ga yadda ni na bi da nawa, bayan na fara yin shirme a karon farko. Shirmen kuwa shi ne na zauna na cika shafi uku da ba da labarin daga farko har ƙarshe, lakcara ya dawo min da takardar ya ce shi ma ai ya karanta littafin, ni yake nema a ciki bai gan ni ba. Abin ya min zafi amma gaskiyarsa ce.

Kafin ka buɗe shafin farko ka san inda kake. Chaim Potok ne ya rubuta shi, ya fito a 1967, shi kansa marubucin malamin addinin Yahudawa ne haifaffen New York, ya rasu a 2002. Labarin a unguwar Williamsburg ta Brooklyn a birnin New York yake, ya fara a 1944 ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu. Yara biyu ne 'yan shekara 15, Reuven Malter wanda shi ke ba mu labarin da bakinsa, da Danny Saunders. Dukkansu Yahudawa ne masu riƙo da addini amma ba tafiyarsu ɗaya ba, kuma in ba ka gane wannan ba tun farko za ka yi ta mamakin me ya sa wasan besbol na 'yan makaranta ya koma kamar yaƙi. Gidan su Danny 'yan Hasidim ne, baƙaƙen kaya, gemu, gashin nan da suke bari a gefen kunne, Yidish, harshen Yahudawan Turai, suke yi a gida, babansa Reb Saunders shi ne jagoran jama'arsu kuma gadon kujerar ake yi. Baban Reuven kuwa malamin makaranta ne da ke nazarin Talmud, kundin shari'a da koyarwar malaman Yahudawa, da hanyoyin bincike na zamani, abin da su Reb Saunders suke gani kamar wasa da wuta. Iya wannan ya isa, sauran kalmomi irin su tzaddik da yeshiva ka rubuta su a bayan littafinka kana tafiya kana cikewa.

Toh abu mafi amfani da na yi shi ne na ajiye 'yar takarda a cikin littafin, duk inda raina ya motsa sai in rubuta lambar shafi da kalma biyu uku, haushi, tausayi, ban yarda ba, wannan kamar gidanmu. Kar ka gyara, kar ka yi ƙoƙarin ya zama abin burgewa. Ni a wajen da Danny ya buga ƙwallo ta fasa gilashin idon Reuven har aka kwantar da shi asibiti saboda ido, abin da na rubuta kawai shi ne wannan yaron mugu ne. Bayan 'yan shafuka da ya zo asibiti neman afuwa har suka fara hira sai na rubuta a'a fa. Wannan tazarar da ke tsakanin mugu ne da a'a fa, ita ce asainmen ɗin naka gaba ɗaya, lakcara so yake ya ga inda ra'ayinka ya juya da abin da ya juya shi.

Sai ka zaɓi matsala ɗaya ka tsaya a kanta. Littafin na da abubuwa da yawa, abota, yaƙi, mutuwar shugaban Amurka Roosevelt a 1945, labarin Yahudawa miliyan 6 da aka kashe a Turai, amma in ka ce duk sai ka taɓa to ba abin da za ka kama. Tsaka-mai-wuyar Danny ita ce zuciyar abin: yaro ne da in ya karanta shafi sau ɗaya ya zauna masa a ka, kowa na jiran ya gaji ubansa, shi kuma yana laɓewa laburare yana karanta Freud, masanin halayyar ɗan'adam, har ya koyi Jamusanci don ya karanta shi a harshensa na asali, so yake ya yi ilimin halayyar ɗan'adam. Kuma ba wai ya tsani addininsa ba ne ko ubansa, da haka ne ai da abin ya zo da sauƙi, ya tattara ya tafi. Ka tambayi kanka me zai rasa in ya zauna, me zai rasa in ya tafi, ka rubuta amsar duka biyun kafin ka yanke masa hukunci.

Yanzu maganar shirun nan. Reb Saunders ba ya yi wa ɗansa magana sai in suna karatun Talmud, shekara da shekaru. Nan ne mai karatu Bahaushe yake da abin da wasu ba su da shi, don mun san alkunyar ɗan fari, uwa ko uba ba su kiran sunansa, ba su sakin jiki da shi a gaban mutane, mun kuma san ɗan malam da ake jira ya gaji zaure ko limanci shi kuma hankalinsa na kan boko. Ka yi amfani da wannan, yana ƙara wa rubutu rai sosai. Amma fa ka yi hattara, kama da wane ba ta wane. Tamu alkunyar al'ada ce, kowa ya san dalilinta, yaron ma ya sani, kuma kakanni da gwaggwanni suna cike masa giɓin. Shi Reb Saunders zaɓa ya yi da gangan, a ƙarshe lokacin Idin Ƙetarewa na Yahudawa ya yi bayani, kuma ko a nan ɗin ma Reuven yake kallo yana magana alhali Danny na zaune a wajen. Ya ce tun Danny na shekara 4 ya ga yaron ya karanta labarin wani talaka mai ban tausayi ya maimaita shi tsaf da ka ba tare da ya ji komai a ransa ba, sai ya tsorata, don yana da ɗan'uwa mai irin wannan ƙwaƙwalwar da ya bar gida ya zama masanin lissafi a Faransa daga baya ya mutu a Auschwitz, sansanin da 'yan Nazi suka kashe Yahudawa. Wai shirun zai koya wa yaron ciwo, ciwon ya koya masa tausayin mutane. Ni dai har gobe ban gamsu ba, na fahimce shi amma ban yafe masa ba, kuma haka na rubuta, na kawo hujja da irin ƙuncin da Danny ya sha. In kai ka gamsu ba laifi, ka dai nuna wurin da ya gamsar da kai.

Akwai wajen da na san da yawanmu za su tsaya cak, batun kafa Isra'ila. Baban Reuven ya duƙufa wajen goyon bayan kafa ƙasar, Reb Saunders kuwa ya ƙi sam, a wajensa ba a kafa ƙasar Yahudawa kafin zuwan Almasihun da suke jira, har ya hana Danny yi wa Reuven magana kusan shekara 2. Ni ban ma san akwai Yahudawa masu addini da suka yi adawa da hakan ba sai a littafin nan. Kana da damar ka rubuta cewa labarin ya ratsa 1947 da 1948 amma ba ka ji muryar Bafalasɗine ko ɗaya ba, wannan lura ce ta gaskiya, sai dai ka ba ta sakin layi ɗaya, ka tuna mai ba da labarin matashi ne a Brooklyn da ke ganin duniya ta tagar gidansu, kar takardar ta koma muhawarar Facebook ka manta da Danny.

Wajen rubutawa, taƙaita labarin kar ya wuce layi biyar. Ka fara da wani wuri guda da ya tsaya maka a rai, ka faɗi abin da ka ji, ka faɗi dalili, ka sa lambar shafi. Ka ce na ji, na zaci, na canza ra'ayi, irin wannan rubutun an yarda ka sa kanka a ciki. Kuma kar ka manta da Reuven, wanda babansa ya so ya zama farfesan lissafi shi kuma ya zaɓi zama malamin addini, kamar sun yi musayar hanya da abokinsa, wannan kaɗai ya isa sakin layi mai kyau.

Shafukan ƙarshe ka karanta su sau biyu kafin ka rufe takardarka. Danny ya aske gemu da gashin gefen kunne zai tafi jami'ar Columbia, ƙaninsa Levi ne zai gaji kujerar, kuma da aka tambaye shi ko zai rena nasa ɗan da irin wannan shirun bai ce a'a ba, cewa ya yi zai yi in bai samu wata hanyar ba. A karatun farko wallahi tsallake wajen na yi don ina sauri in gama, sai da na koma na gan shi, dole na yage shafina na ƙarshe na sake rubutawa.