Kurakuran da masu koyon aikin tsara sufuri ke ta maimaitawa

Duk shekara sai an kawo mana sabbin masu koyon aiki, yara masu ƙwaƙwalwa wlh, amma kurakuran dai su ne, har bakina ya gaji da faɗa, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya karanta da kansa.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne raina aikin ƙirga motoci. Da an miƙa wa yaro fom an ce ya je mahaɗa ya tsaya sai ya ɓata rai, wai shi aikin kwamfuta ya zo koya. To duk abin da kwamfutar za ta fitar daga takardar nan taka yake fitowa. Talata, Laraba ko Alhamis ake ƙirga, lokacin da makarantu ke buɗe, ba ranar hutu ba, ba ranar da aka toshe wani titi a kusa ba. Kuma minti 15-15 ake rubutawa, kowane irin abin hawa da gidansa, wanda ya miƙe daban, wanda ya yi dama daban, na hagu daban. Kar ka kawo min jimlar awa guda, a cikin awar nan akwai minti 15 da titin ya fi cika, su nake nema.

Sai abin da kusan ba mai ganewa da farko, in gosulo ya haɗu, motocin da ka ga sun wuce ba su kenan masu son wucewa ba, iya abin da mahaɗar ta iya fitarwa ne, sauran na can baya a layi. Akwai yaron da na taɓa turawa, ya dawo da fom tsaf-tsaf, muka zuba a lissafi ya nuna mahaɗar lafiyarta ƙalau, muka kai rahoto gaban waɗanda suka ba mu aikin, sai wani cikinsu ya ce ai shi kullum ta nan yake bi kuma sai danja ta ba da hannu sau uku kafin ya tsallake. Ranar kamar ƙasa ta tsage in shige. Da na tambayi yaron tsawon layin sai cewa ya yi ai babu gurbinsa a fom. Haba dan Allah! Ido fa gare ka. Haka aka sake aikin daga farko a aljihunmu. Yanzu duk wanda na tura sai ya rubuto min inda wutsiyar layi ta tsaya ko a bayan takarda ne, ya kuma ɗauko hoto da waya, in babu ya koma.

Na biyu, yarda da manhaja ido rufe. Tsarin hasashen tafiye-tafiye mai matakai huɗu da kuke koya (tafiye-tafiye nawa za a yi, ina za a je, me za a hau, ta wace hanya za a bi) tun shekarun 1950 aka fara shi a Amurka, yana da amfani, amma hasashe ne. Kun buɗe manhajar lissafin zirga-zirgar motoci irin VISSIM ko SIDRA kun bar lambobin da suka zo da su kun danna, motoci na ta yawo a allo kuna murna. A littafi layi ɗaya na titi, wato mai faɗin mota ɗaya, yana fitar da ƙananan motoci wajen 1,800 zuwa 1,900 a awa in danja na kore, amma wurin da ake sauke fasinja a bakin mahaɗa ko tirela ta yi yawa ba za ka ga haka ba, sai ka je da agogo ka auna. Ni ba na kallon hasashen shekara 10 sai manhajar ta fara nuna min cunkoson yau daidai da abin da aka ƙirgo, GEH, wato ma'aunin bambanci tsakanin lissafin manhaja da abin da aka ƙirgo, ya zama ƙasa da 5 a yawancin wurare. Wasu ogogin suna sassautawa, ni kam a'a.

Kuma ku daina rubuta "a faɗaɗa titi" a ƙarshen kowane rahoto. A birnin Houston na Amurka an faɗaɗa babban titin Katy Freeway aka gama a 2008, ya zama cikin titunan da suka fi faɗi a duniya, ba a yi shekaru da yawa ba cunkoso ya dawo, saboda da hanya ta yi sauƙi waɗanda suke kauce mata sai su dawo. Wani lokacin gyara lokacin danja ko matsar da wurin tsayawar bas ya wadatar.

Sauran ƙanana ne. Masu tafiya a ƙasa ma a ƙirga su, ana lissafin mita 1.2 a sakan wajen tsallaka titi, tsoho da yaro ba sa kai haka. Wurin tsayawar bas in ya wuce mita 400 daga gidajen mutane da yawa za su haƙura da shi. A manhajar taswira ta QGIS duba tsarin ma'aunin taswirarka kafin ka auna nisa, kar titin ya faɗa cikin teku. Sa kwanan wata a sunan fayil, na gaji da "na ƙarshe", "na ƙarshe sosai". In ba ka gane ba ka yi tambaya tun da safe, ba ranar miƙa aiki ba. Rigar nan mai ƙyalli kuma a saka ta in za a tsaya bakin titi, ko da zafi ake yi.