Kafin a tayar da tsohuwar motar alfarma a Yamai

Wanda ya gaji tsohuwar Marsandi ko Citroën, ya fara da takardu: lambar shasi da ke jikin motar ta dace da ta katin mota, takardar duwan kuma ta kasance a hannu, domin motar da asalinta bai tabbata ba tana rasa daraja wurin masu saye.

Sai a ɗaga ta a duba ƙarƙashinta. Busasshiyar iskar ƙasarmu tana rage tsatsa, amma zafin rana da ƙurar hunturu sukan busar da robobi, su tsattsaga fatar kujeru, su lalata wayoyin lantarki.

Babbar tambaya ita ce ta kayan gyara. Misali, Marsandi samfurin 600, wadda aka ƙera guda 2,677 kacal tsakanin 1963 da 1981, tagoginta da kujerunta suna aiki ne da matsin mai, kuma kowane ƙaramin sashe sai an yo odarsa daga Turai da tsada. Irin wannan mota ta cancanci gyara, amma fa sai a hannun makanikin da ya san ta. Idan babu shi, a lulluɓe ta a inuwa, kada a bari a kwance injinta a garajin unguwa.