Yadda ake rubuta labarin binciken kisa daga gawawwakin fadamun Ailan

Fara da sanin fadamar kanta. A Ailan ana haƙo baƙar ƙasar fadama, a busar, a hura wuta da ita. Ruwan da ke cikinta mai tsami ne da sanyi, iska ba ta ratsa shi, shi ya sa gawa ba ta ruɓewa: fata ta jemu ta yi baƙi, gashi ya koma ja, ƙashi ya yi laushi. Wanda ya tono ta ba zai iya cewa ta bara ce ko ta shekaru 2000 da suka wuce ba. Don haka tambayar farko a labarinka ita ce yaushe aka yi kisan, kafin a zo kan wa ya yi.

Daga nan ka zaɓi gawa ta gaske ka ƙura mata ido. Mutumin Old Croghan, da aka samu a gundumar Offaly a 2003, rabin jiki ne kawai, ba kai ba ƙafafu. An ƙiyasta tsawonsa ya kusa mita 2. Faratansa a gyare suke sumul, alamar ba ya aikin ƙarfi. An huda damatsansa an zura murɗaɗɗen reshe, an kuma yanke masa kan nono. Mutumin Clonycavan, shi ma na 2003, ya shafe gashinsa da ƙaron itacen da aka kawo daga Faransa ko Sifaniya. Farce ɗaya irin wannan ya fi shafi goma na bayani amfani.

Sai masu bincike. 'Yan sandan ƙasar, Garda, ake fara kira, sannan masanan gidan tarihi na Dablin. Haɗa su biyu su yi ta saɓani kafin sakamakon gwajin kabon, wanda ke nuna daɗewar gawa, ya fito. A wannan jiran ne mai laifi ke rikicewa: a 1983 an tono ƙoƙon kai a fadamar Lindow ta Ingila, wani mutum ya amsa cewa ya kashe matarsa, ashe ƙoƙon na zamanin Rumawa ne.

Dalilin kisan fa? Masani Eamonn Kelly na ganin wasu sarakuna ne da aka yi hadaya da su a kan iyakar ƙasarsu. Sa wannan a bakin mutum ɗaya, wani ya musa masa.

Ina roƙonka kada ka mai da mamacin abin kallo. Mutum ne, kamar na Old Croghan da ya ci hatsi da madara kafin a kashe shi, ka ba shi babi guda yana raye.