Yadda nake sa ɗalibaina su tallata dabarar kasuwancinsu da bakinsu

Shekarar da na fara wannan aiki a ajina, ni na ɓata shi da hannuna. Wata yarinya ta kawo dabarar gyaran zip ɗin jakunkunan makaranta. Na ga rubutunta bai tsaru ba, sai na karɓa na gyara mata tsaf. Ranar gabatarwa ta zubo jawabin kamar ruwa, ba gargada. Da ɗaya daga cikin alƙalan ya tambaye ta jaka nawa za ta iya gyarawa a yini, sai ta juyo tana kallona. Har yau wannan kallon yana ci mini rai, domin jawabin nawa ne, bakinta kawai na ara. Tun daga nan na sauya salo, ga kuma yadda nake yi yanzu, ko wani malami zai amfana.

Makon farko ba na barin kowa ya ambaci kasuwanci. Kowane ɗalibi zai riƙe ƙaramin littafi, ya rubuta duk ƙorafin da ya ji daga bakin mutane har kwana bakwai: abin da ya lalace, abin da ake dogon layi a kansa, abin da ake nema a rasa. Daga ciki zai zaɓi guda. Ko da na ga zaɓin bai yi mini ba, nakan kama bakina.

Sai mataki mafi nauyi, wanda a nan ake samun ƙarfin zuciyar gaske. Ɗalibi zai je ya yi magana da mutum goma da matsalar ta shafa, ban da 'yan gidansu, don su ba za su so su karya masa gwiwa ba. Na kuma hana tambayar "za ka saya?" Kowa zai ce eh saboda kunya. Abin da za a tambaya shi ne abin da ya riga ya faru: yaushe rabonka da wannan matsala, me ka yi a kai, ka kashe kuɗi ko haƙuri ka yi? Wani yaro da ko a aji sai na matso kusa nake jin muryarsa ya dawo da littafinsa duk ya yamutse, ya ce mutum uku sun kore shi, bakwai sun saurare shi. Yana faɗi yana murmushi. Ya gano cewa kora ba ta kisa, kuma ba ni na gaya masa ba.

Bayan haka sai lissafi a takarda guda: nawa kayan aiki za su ci, awa nawa aikin zai ɗauka, me zai rage bayan an cire komai, kuma guda nawa za a sayar kafin uwar kuɗi ta dawo. Yawancinsu suna manta sa ladan wahalarsu. A nan nake kawo musu abin da Saras Sarasvathy, malamar jami'a mai nazarin kasuwanci, ta bayyana a bincikenta na 2001 kan gogaggun 'yan kasuwa: sukan fara da abin da ke hannunsu, su kuma tsayar da iya asarar da za su iya jurewa, maimakon mafarkin riba. Don haka duk dabarar da sai da bashi za ta tashi, nakan ce a rage mata girma.

Jawabin kansa minti uku ne. A fara da mutum ɗaya na zahiri da matsalarsa, a nuna maganin, a faɗi lissafin, a rufe da abin da ake buƙata daga masu sauraro. A zo da abin da za a taɓa da hannu, ko da samfurin kwali ne. Ba haddar jimloli, sai kalmomi biyar a ɗan kati.

Gwaji hawa-hawa ake yi: gaban aboki ɗaya, sai rukunin mutum biyar, sai aji duka, sannan baƙi. Ina da dalili. Albert Bandura, masanin halayyar ɗan Adam, ya nuna tun 1977 cewa abin da ya fi gina yarda da kai shi ne mutum ya yi abu da kansa ya ga ya iya. Ganin tsaransa sun yi yana taimakawa, yabo ma haka, amma ba su kai wancan ƙarfi ba. Shi ya sa na rage cewa "ka yi ƙoƙari", na ƙara yawan zagayen gwaji. Wanda hannunsa ke rawa kuma, nakan ce ya dafa tebur, ya ja numfashi, ya dubi fuska ɗaya mai sakin rai ya fara da ita.

Ranar gabatarwa ina zama can bayan aji, inda mai jawabi ba zai iya neman idona ba. Alƙalai baƙi ne, kuma ina roƙonsu su yi tambaya ta gaskiya, kada su sassauta don yara ne. Ɗalibai sun san an yarda su ce "ban sani ba, zan bincika", muddin za su kawo amsar a rubuce cikin mako.

Kada a tsaya a kan tafawa da ba da kyauta kawai. Ƙungiyoyin koya wa ɗalibai kasuwanci irin su Junior Achievement, da aka kafa a Amurka a 1919, da Young Enterprise ta Birtaniya, tun 1962, sun daɗe suna sa ɗalibai su kafa ƙaramin kamfani, su yi ciniki na gaske, su rufe lissafi a ƙarshe. Ni ma haka nake yi daidai ƙarfina: kowa yana da mako huɗu ya samo mai saye ɗaya wanda ba danginsa ba, ya dawo gaban aji da littafinsa ya faɗi abin da ya shiga, abin da ya fita, da abin da zai sauya in zai sake.