Winci da loka: kurakuran da ke sa mota kwana a taɓo

Da ruwan watan 5 da na 6 ya kankama sai ka ga Land Cruiser da Hilux da Patrol suna shigowa Magazin ɗin Suame, unguwar makanikai ta Kumasi a Ghana, jikinsu jajawur da laka, masu sayen koko ta wajen Sefwi, masu doya da masara ta Ejura da Atebubu, kuma kowa maganarsa ɗaya: massa wincin nan jabu ne, ranar da na neme shi ranar ya ƙi. Ni kuwa in na kwance abin ba kasafai nake samun laifin masu ƙera shi ba, yawanci namu ne, mu masu ɗaurawa da ku masu motar.

Na farko dai ajiya ke kashe winci, wato injin nan mai naɗe igiya ya jawo mota in ta kafe. Mutum ya ɗaura shi a bamba kamar ado, shekara guda bai taɓa danna shi ba, kullum yaran wankin mota suna feshe shi da ruwa mai ƙarfi, ruwan ya shige akwatin sulunoid, makunnin da ke ba winci wuta, ya zauna. Ranar da mota ta kafe ka danna rimot sai ka ji ƙas ƙas kawai, gangar da ke naɗe igiya bata motsa ba. Maganin ba kuɗi bane, wata wata ka warware igiyar ka ɗaura a wani abu mai ƙarfi ka bar wincin ya ja motar kaɗan, motonsa yayi ɗumi ya busar da danshin, giris ɗin ciki ya zagaya.

Sai wayarin. Winci in ya ɗau kaya sosai yana shan wuta fiye da amp 400, altanetar motarka kuwa bata kai rabin haka ba, sauran duk daga batir yake fitowa. Amma sai ka tarar an sa masa siririyar waya, nagetif ɗin kuma an ɗaure a jikin shasi a kan fenti da tsatsa. Dole ya mutu. Waya mai kauri, duka biyun su tafi kan batir kai tsaye, a goge kan batirin. Kuma kar ka kashe inji kana ja, kar ka danne maɓallin ba hutu, ja kaɗan ka tsaya, in ka ɗora hannu a kan moton kaji bazaka iya barinsa ba toh ka bashi lokaci ya huce.

Wanda ya fi cin mutane shine lambar da aka rubuta a jiki. 9,500 ko 12,000 ɗin nan fam ne ba kilo ba, wajen kilo 4,300 da 5,400 kenan, kuma ana so wincin ya kai nauyin motarka da kayanta sau ɗaya da rabi. Sannan ƙarfin nan yana layin farko ne na igiya, wanda ya kwanta a kan ƙarfen gangar, duk layin da ya hau kansa ƙarfi raguwa yake. Ni kaina da jikina na koyi wannan. Wata shekara bayan Ejura muka nutse da pikap cike da buhunan masara, ga bishiya kusa, na warware taku biyar kawai na ɗaura, winci na ta gurnani motar ko gezau, har na fara jin ƙaurin waya. Wani dattijo direban katako da ya tsaya a bayanmu ya leƙo yace, yaro kashe abin nan, kai wa waccan bishiyar ta nesa. Nace baba ai wannan ta fi kusa. Yace kusancin ne ya hana ka fita. Na warware kusan duka na kai can, wlh sai ga mota tana fitowa a hankali kamar ba ita ba. Amma fa kar ka warware har ƙarshe, bar aƙalla zagaye 5 a kan ganga in wayar ƙarfe ce, ta roba ta fi son fiye da haka. In bishiyar nesa babu, fuli zaka sa, 'yar tayar da igiya ke bi ta kanta, igiya ta je ta dawo jikin motarka, ƙarfi ya kusa ninkawa gudu ya ragu rabi.

Ƙwallon ƙarfen nan na jan tirela a bayan mota, don Allah kar a rataya masa komai wajen ceto, karyewa yake ya tashi kamar harsashi, ya kashe mutane. A jefa bargo ko tabarmar mota a tsakiyar igiya, a kori yara 'yan kallo nesa, kar a kama wayar ƙarfe ba safar hannu. Masu igiyar roba kuma rana da yashi ne abokan gabarta, a wanke ta, kuma kar a sa ta a bakin rola da wayar ƙarfe ta riga ta kakkarce.

Toh mu dawo ƙarƙashin mota. Mutane da yawa suna ɗauka da an sa fowil (4WD) shikenan tayoyi huɗu na ja. A'a. Difaranshal aikinsa ya bar taya ɗaya ta fi ɗaya gudu a kwana, shi yasa in ɗaya ta faɗa santsi ko ta tashi sama ita kaɗai zata yi ta juyi, mai ƙasa tana tsaye. Loka ita ke ɗaure su su juya tare. Kuma na tsakiya daban ne: tsohuwar Defender makullin tsakiya kawai take da shi, yana haɗa gaba da baya ne, ba hagu da dama ba. Land Cruiser 80 wasu suna da loka uku wasu babu, ka duba kafin ka biya kuɗin uku.

Kuskuren shine sai mota ta nutse har ciki sannan a tuna da loka, ana taka mai, taya na fetsar laka a murɗa makunnin. Haƙoran ciki ne zasu ci juna. Tun ka hango taɓon ka tsaya ko ka rage sosai, na Toyota ma bata shiga sai ƙasa da kilomita 8 a awa, sa ta baya tukuna, ta gaba sai dole kuma sitiyari a miƙe, don in ta gaba na kulle ka karya kan mota kana bata wuta shaf ɗin gaba ne zai ce ƙarau. Kana fita ka cire. Wanda ya manta ya hau kwalta da ita zai ji motar na ƙin kwana taya na kuka, haka ma Hilux a fowil a kan busasshiyar kwalta, tunda bata da difaranshal na tsakiya, giyar ce ke shan wahala.

Ita ma loka zama na kashe ta, mai lantarkin sai ɗan moton da ke tura ta ya daskare, fitila na ta ƙiftawa bata kama ba. Mai iska irin ARB ta Ostareliya in kaji kwamfiresa na tashi kowane lokaci toh iska na zuba, bi siririn tiyon ka gani ko ya taɓa salansa, in kuwa ta numfashin difaranshal iskar ke fita robar ciki ce ta mutu.

Masu zuwa wajen mai walda ya liƙe difaranshal ɗin baya wai loka mai arha, ni bana yi, motar da zata bi titin Kumasi zuwa Techiman da kaya cikin ruwa ba wajen wannan wasan bane. In kuma difaranshal hom yus, wato na hannu daga waje, zaka saya, a nan ko Abossey Okai, kasuwar kayan mota ta Accra, ƙirga haƙoran giyar kafin ka miƙa sidi ɗinka, in na gaba 4.1 ne na baya 4.3 duk ranar da ka sa fowil faɗa suke da juna. Kuma duk sanda ka ratsa ruwa mai zurfi ka buɗe bakin difaranshal ka tsoma yatsa, in man ya koma kalar shayi da madara ruwa ya shiga, zubar da shi ranar nan.