Sabon zuwa Ingila, dakata da maganar sayen mota tukuna

Assalamu alaikum 'yan'uwa sababbin zuwa, musamman ɗaliban da ke shigowa watan Satumba da Janairu, da masu zuwa aikin asibiti da kula da tsofaffi. Kusan duk wanda ya sauka, kafin ya yi wata guda zaka ji ya fara tambayar nawa ake sayar da ƙaramar mota ta hannu. Ni dai shawarata ita ce a dakata. Motar kanta ba ita ce tsadar ba, kana iya samun ta da araha, inshora ce zata karya ka, don sabon zuwa da ba shi da tarihin tuƙi a ƙasar kuɗin da za a yanka mishi a shekara wani lokacin ya fi kuɗin motar, ga harajin hanya ga gwajin lafiyar mota duk shekara ga kuɗin fakin, in kuma tsohuwa ce mai hayaƙi ka shiga Landan da ita fam 12.50 ne kullum. Sannan lasisinka na gida wata 12 kawai zai yi maka aiki daga ranar da ka zama mazaunin ƙasar, bayan nan sai ka zauna jarabawarsu ta rubutu da ta tuƙi. Shekarar farko gaba ɗaya zaka iya yinta ba mota kuma ba abin da zai ragu a jikinka, in dai ka gane yadda bas ɗinsu ke tafiya.

Abu na farko da zaka cire a ranka shi ne tsarin tasha irin namu. A Unguwa Uku ko Kawo ka san sai mota ta cika take tashi, ɗan kamasho na kira kana zaune kana cinikin kuɗin kaya. A nan ko mutum uku ne a ciki, ƙarfe 9 ta yi direba ya rufe ƙofa ya ja, kuma ko ya hango ka kana gudu da akwati da wuya ya buɗe, ba wai rashin imani bane, shi ma agogo ake duba mishi. Ka isa da minti 15 ko 20 kafin lokaci, shikenan ka huta.

Manyan bas na gari zuwa gari, kamfanin da ya fi yawan hanyoyi shi ne National Express, sai FlixBus masu koren fenti, a Scotland kuma akwai Citylink da Megabus. In ka sauka filin jirgin saman Heathrow kuma garinku Birmingham ne ko Leicester ko Cardiff ko Bristol, ba sai ka shiga cikin Landan da kaya ba, akwai babbar tashar bas a tsakanin Terminal 2 da 3, daga nan kai tsaye zaka hau. Sai dai a kula da abu biyu. Na ɗaya kar ka yanki tikitin da zai tashi awa ɗaya bayan saukar jirginka, layin shige da fice kaɗai na iya cinye wannan awar, ka bada tazara sosai ko ka ƙara ɗan kuɗi ka sayi irin tikitin da ake iya canza mishi lokaci. Na biyu kaya. Jirgin sama ya baka kilo 23 kowace jaka, su kuma National Express iyakarsu kilo 20 ne, kuma akwai adadin jakunkunan da suke ɗauka kyauta, sauran biya ake. Mu kuma kun san yadda muke tahowa, jaka biyu maƙil da garin tuwo da kuka da daddawa da yaji. Toh ka biya kuɗin ƙarin kayan tun wajen sayen tikiti ta intanet, ya fi sauƙi akan ka tsaya kana roƙon direba a gaban mutane.

Farashin tikiti ba tsayayye bane, hawa yake yana sauka gwargwadon yadda kujeru ke ƙarewa. Wanda ya saya saura sati biyu da wanda ya saya ranar tafiya kujerarsu ɗaya amma kuɗinsu ba ɗaya ba, wani lokacin ninki biyu ko uku. Talata da Laraba da motocin asuba ko na tsakar dare sun fi araha, Juma'a da yamma da Lahadi da yamma su ne masu zafi. In shekarunka tsakanin 16 da 26 ne akwai katin rangwame na National Express da ke cire maka kashi ɗaya cikin uku, tafiya kaɗan zaka yi ya mayar da kuɗinsa.

A Landan tashar manyan bas ɗin ita ce Victoria Coach Station a kan titin Buckingham Palace Road, kuma don Allah a lura, ba ita ce tashar jirgin ƙasa ta Victoria ba. Suna ɗaya ne amma akwai tafiyar kusan minti 10 a ƙasa tsakaninsu in kana jan akwati, mutane da yawa a nan suke rasa mota, suna tsaye a tashar jirgi suna neman ƙofar bas. Haka Birmingham, tashar tana Digbeth ne ba tashar jirgin ƙasa ta New Street ba. FlixBus kuma a wasu garuruwan ba su shiga tasha ma, a bakin titi suke ɗauka, don haka ka buɗe tikitin ka karanta ainihin wurin, ka sa shi a taswirar waya tun daren jiya.

Cikin motar akwai bayi ƙarami a baya, akwai wurin caji a yawancinsu amma kar ka dogara da shi, tunda tikitinka a waya yake in ta mutu ka shiga uku, ka ɗauki hoton tikitin ka riƙe fawa bank. Ɗaura bel doka ce. Abinci mai zafi ba a so, sai dai burodi da biskit da dabino da ruwa, kuma gaskiya ko da ba doka, buɗe kular shinkafa da miya a motar da tagoginta ba sa buɗuwa takura ce ga na kusa da kai. Waya ma a sassauta murya, zaka ga motar cike amma tsit kamar ba kowa, in za a gaisa da mutanen gida a bari sai an sauka ko a sa abin kunne.

Maganar sallah ita ce ta fi damun mutanenmu kuma da gaskiyarsu. Landan zuwa Manchester awa 4 da rabi zuwa 5 ne a bas, Landan zuwa Glasgow ko Edinburgh kwana ake a hanya, wajen awa 9 zuwa 10. Direba ba zai tsaya maka don sallah ba. Lokacin hunturu kuma abin ya fi matsewa, a watan Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma magariba ta yi, azahar da la'asar da magariba duk suna cikin 'yan awanni, tafiya ɗaya sai ta haɗiye su duka. Abin da nake gani ya fi shi ne ka zaɓi lokacin tashi da jadawalin sallah a hannunka, ka yi alwala kafin ka fito, ka tambayi malami hukuncin kasaru da haɗa salloli tun kafin buƙatar ta taso. A doguwar tafiya ana tsayawa hutu a manyan wuraren shan mai na kan hanya, direba zai faɗi minti nawa, ka riƙe wannan lambar da kyau, ka kuma duba lambar motarku kafin ka shiga ciki don zaka fito ka tarar da fararen motoci iri ɗaya a jere. In ka makara tafiya zasu yi da jakarka.

Jirgin ƙasa ya fi sauri nesa ba kusa ba, Landan zuwa Manchester awa 2 da 'yan mintuna, amma tsada. Ɗalibi ya nemi 16-25 Railcard, fam 35 a shekara, yana cire kashi ɗaya cikin uku, kuma ko ka haura 25 in dai cikakken ɗalibi ne kai ana baka, da yawa cikin masu digiri na biyu ba su san wannan ba. Tikitin da aka rubuta Advance na jirgi ɗaya ne tak a lokaci ɗaya, in ka hau wanda ke gabansa ko bayansa kamar ba ka da tikiti ne.

Yanzu cikin gari. Bas ɗin Landan sun daina karɓar tsabar kuɗi tun 2014, sai katin Oyster (katin biyan kuɗin sufuri na Landan) ko katin banki na dangwalawa ko waya. Kana shiga ka dangwala sau ɗaya a jikin abin nan mai ruwan ɗorawa kusa da direba, in zaka sauka ba sai ka sake ba. Duk bas ɗin da ka canza cikin awa ɗaya ba za a ƙara cire maka kuɗi ba. Jirgin ƙarƙashin ƙasa kuma dole ka dangwala a shiga ka dangwala a fita, in ka manta kuɗi mafi yawa zasu cire. Kuma ka tsaya kan kati ɗaya duk yinin, don akwai iyakar abin da ake cirewa a rana, in ka kai ta sauran hawan kyauta ne, amma in da safe ka yi da kati da rana ka yi da waya, na'urar mutum biyu take ganinku. Maigida da uwargida kowa da katinsa, kati ɗaya ba ya biya wa mutum biyu. Yara 'yan ƙasa da shekara 11 kyauta suke hawa bas a Landan.

Wajen Landan kowane gari da nasa. A yawancin Ingila an ƙayyade kuɗin hawa ɗaya, fam 2 ne daga 2023 aka mayar da shi fam 3 a Janairun 2025. Matsalar ita ce gari ɗaya kamfani biyu ko uku, ka sayi tikitin sati na wannan ka hau motar wancan a ce maka ba ya aiki. Kafin ka sayi na sati ko na wata ka tsaya ka ga motar wane kamfani ce ke bi ta ƙofar gidanku zuwa makaranta ko wurin aiki. Manchester da Nottingham da Sheffield suna da taram, jirgin nan da ke bin kan titi. A Manchester ba shinge ba mai tambayarka a ƙofa, sai ka ga kamar kyauta ne, ba kyauta bane, a kan dandamali ake biya kafin a hau kuma masu duba tikiti na shigowa ba sanarwa. Wallahi kar ka gwada, tara mai tsauri zasu ci ka, abin kuma na iya kaiwa kotu, mai zaman biza ba ya buƙatar sunansa a irin wannan takarda saboda fam 3. In Scotland kake zaune kuma ba ka kai 22 ba, bas kyauta ne, ka nemi katin.

Ƙananan abubuwan da ba mai gaya maka: in ka hango bas ɗinka ka miƙa hannu, in ba haka ba wucewa zai yi kana kallo. In ka kusa sauka ka danna jan maɓallin da ke jikin ƙarfe tun kafin a iso, ba a cewa direba akwai sauka, kuma ba ya tsayawa sai a matsaya. Hannun hagu suke tuƙi, saboda haka motar da zata kai ka inda kake so tana ɗaya gefen da ba ka zata ba, lamba ɗaya ce ke zuwa ke dawowa, ka karanta sunan unguwar da ke goshin motar. Wajen tsallaka titi dama zaka fara dubawa, wannan ba wasa bane, makonnin farko ƙafa da ido duk na gida ne. 'Yan'uwa mata masu keken jarirai, akwai fili a tsakiyar bas amma mai keken guragu ya fi ki haƙƙi a wurin, in ya zo sai ki naɗe naki. Layi kuma ana binsa ko ba a ja shi a ƙasa ba, kowa ya san wanda ya riga shi zuwa.

Masu aikin dare da na asuba, ku ne nake ji wa. Kafin ka karɓi aiki ko ka kama ɗaki, buɗe Google Maps ko Citymapper ka sa ranar Lahadi ƙarfe 6 na safe ka ga ko akwai motar da zata kai ka. Landan akwai bas na dare masu harafin N a gaban lamba, amma ƙananan garuruwa da ƙauyukan da gidajen tsofaffi suke, motar ƙarshe na iya wucewa tun ƙarfe 7 na yamma, Lahadi kuma wata hanyar babu gaba ɗaya. Ɗaki mai araha da ke nesa da hanyar bas, kuɗin tasi zai cinye rangwamen har ya ci wani. In dare ya yi maka, tasin da ka kira ta manhaja ko ta ofishinsu kawai zaka shiga, ba wanda ya tsaya ya ce zo in kai ka ba.

Sai ranar Kirsimeti, 25 ga Disamba. Ba bas ba jirgi a Landan, jiragen ƙasa ma a tsaye suke ƙasar baki ɗaya, washegari kuma kaɗan ne ke fitowa. 'Yan manyan bas na gari zuwa gari ne kawai ke aiki kuma da wuri suke cika. In an sa ka aiki ranar, tun farkon wata ka yi magana da manajanku ko abokin aikin da ke da mota.