Kurakuran da na gaji da gani kan Michelangelo

Wallahi na gaji, kullum sai sabon ɗalibin zane ya kawo min rubutu kan Michelangelo, shahararren mai zane da sassaƙa ɗan Italiya, kuskure iri ɗaya kamar haɗa baki suka yi.

Babban wanda ke tada min hankali shi ne cakuɗa aikin silin ɗin cocin Sistine da ke fadar Vatican da na bangonsa. Ai ba aiki ɗaya ba ne jama'a! Silin ɗin ya fara shi a 1508 ya gama a 1512, zamanin Fafaroma Julius II, yana ɗan shekara 33 ya hau aikin. Zanen Ranar Hisabi da ke bangon gaba kuwa sai 1536 ya fara, ya kammala 1541 lokacin Paul III, ya riga ya haura sittin, hannun ma ya canja, kana kallo za ka ga jikkuna sun yi kauri, yanayin ya yi nauyi, amma sai mutum ya kwafo hoton bango ya rubuta 1512 a ƙasa ko kunya babu. Na taɓa rasa maki mai yawa a jarrabawa kan wannan, shi ya sa ba na ɗaga ƙafa. Ni dai abin da nake yi, kowane hoto na ajiye a waya sai na sa masa shekara da sunan Fafaroman a jiki.

Sai zancen wai a kwance ya yi zanen silin. Haba. A tsaye ya yi shi kan dandamalin katako, ya ɗaga kai sama fenti na ɗigo masa a fuska, shi da kansa ya zana kansa a haka gefen wata waƙa da ya rubuta yana kukan wahalar. Kuma a kan ɗanyen shafe ake sa launin, iya inda za ka gama a yini ake shafewa, in ya bushe shi kenan sai dai a kankare.

Ku daina kiransa mai zane kawai, shi masassaƙin dutse ya ɗauki kansa. Mutum-mutumin David da ya sassaƙa, mai tsayin sama da mita 5, daga dutsen marmara ɗin da wasu suka fara suka watsar ya fito, tsakanin 1501 da 1504. Wanda ke dandalin Florence da kuke ta yaɗawa kwafi ne, na ainihin tun 1873 aka mai da shi gidan kayan tarihi na Accademia.

Zanen Mona Lisa na Leonardo da Vinci ne, ba na Michelangelo ba, don Allah. Wani mai zane da ake kira Caravaggio ma sunansa Michelangelo, amma an haife shi 1571, namu kuwa ya rasu a Rum tun 1564. In ka ga zane mai duhu sosai da haske ta gefe ɗaya, salon Caravaggio ke nan, duba sunan da kyau kafin ka tura.